Makomar Kamfanin Mooney: Darasi Kan Sayen Masana'antar Da Ta Durƙushe

A cikin watan Satumba na shekarar 2020 aka ba da sanarwar cewa kamfanin Mooney, wanda ya yi suna wajen ƙera ƙananan jiragen sama a garin Kerrville na Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, ya sake komawa hannun sababbin masu shi. Waɗanda suka karɓe shi wasu gungun matuƙa ne da masu irin waɗannan jirage, a ƙarƙashin wani kamfani mai suna US Financial, kuma ɗaya daga cikinsu, Jonny Pollack, shi ya hau kujerar shugabanci. Sun karɓi kashi 80 cikin ɗari na hannun jarin, suka bar wa 'yan kasuwar ƙasar Sin da ke riƙe da kamfanin tun 2013 ragowar kashi 20. A lokacin da aka ƙulla wannan ciniki, aikin ƙera jirage ya riga ya tsaya cik, an kuma sallami akasarin ma'aikata.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Ai ba jirgin sama muke sayarwa ba. To amma sayen masana'antar da ta durƙushe abu ne da 'yan kasuwarmu suka sha cin karo da shi, ko a lokacin sayar da kamfanonin gwamnati, ko kuwa sa'ad da banki ya yi gwanjon kadarorin wanda ya kasa biyan bashi. Shi kuwa Mooney ya canza hannu kimanin sau goma a tarihinsa, ya kuma shiga fatara ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowane mai saye yakan zo da kuɗi da kyakkyawan zato, bayan 'yan shekaru ya fita da hasara. Don haka tambayar darasinmu ita ce: wanda ya sayi irin wannan kamfani, mene ne ainihin abin da ya saya, kuma daga wace kafa kuɗinsa za su dawo?

Asalin kamfanin

Wasu 'yan'uwa biyu, Albert da Arthur Mooney, su suka kafa kamfanin a birnin Wichita na Jihar Kansas a shekarar 1929. Ba su yi sa'ar lokaci ba, domin a wannan shekarar ce gagarumar karayar tattalin arzikin duniya ta soma, kafin ƙarshen 1930 kamfanin ya rushe. Albert ya tafi ya yi wa waɗansu kamfanoni aikin zana jirage, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sake gwada sa'arsa tare da wani abokin ciniki mai suna Charles Yankey. Suka fara da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya da ake kira Mite, sa'an nan a 1953 suka ƙaura zuwa Kerrville. A cikin wannan shekara Yankey ya rasu, jari ya yanke, har sai da wasu 'yan kasuwar Teksas biyu, Hal Rachal da Norman Hoffman, suka kawo ɗauki. Shi kansa Albert bai daɗe ba ya bar kamfanin da ke ɗauke da sunansa, ya koma aiki a kamfanin Lockheed.

Abin da ya bari a baya shi ne jirgin M20, mai inji ɗaya da kujeru huɗu, wanda hukuma ta amince da shi a 1955. Daga wannan shekara zuwa 2019 an ƙera fiye da guda 11,000 na ire-irensa. Duk wanda ya san jirage yana gane Mooney tun daga nesa saboda wutsiyarsa, wadda gabanta ke tsaye ƙyam, har mutum ya zaci a juye aka ɗora ta. An kewaye ɗakin fasinja da bututun ƙarfe don kariya, fiffiken kuwa ƙashinsa ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙafafun sauka suna naɗewa su shige ciki idan an tashi. Manufar dukan wannan ƙira guda ce: a sami gudu mai yawa da mai kaɗan. An kuwa samu, amma ɗakin fasinja ya zama matsattse, ƙofar shiga kuma ɗaya tak a ɓangaren dama. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙofa, za mu sake haɗuwa da shi.

A tsakiyar shekarun 1960 kasuwa ta buɗe, kamfanin yana sayar da jirage kimanin 700 a shekara. Nan ne fa shugabanninsa suka soma hangen dala ba su shiga birni ba. Suka ɗauki wakilcin harhaɗawa da sayar da jirgin MU-2 na kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan, suka sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Alon, suka kuma zuba maƙudan kuɗi wajen ƙirƙiro M22 Mustang, jirgi mai matsattsiyar iska a ɗakin fasinja don ya iya lulawa can sama. Mustang ɗin da aka ƙera ba su kai 40 ba, kuma a kan faɗuwa aka sayar da su. A farkon 1969 kamfanin ya shiga fatara. American Electronics Laboratories ya saye shi, bai jima ba ya miƙa wa Butler Aviation, shi kuma ya dakatar da aiki a 1971.

Zamanin da za a iya kira na jin daɗi ya zo ne a hannun Republic Steel, wani babban kamfanin ƙarafa da ya sayi Mooney a 1973. Ya ɗauko wani injiniya mai suna Roy LoPresti, wanda bai ƙirƙiro sabon jirgi ba, gyare-gyare kawai ya yi wa murfin inji da gilashin gaba da sauran wuraren da iska ke tokarewa. Sakamakon shi ne M20J, wanda aka yi wa laƙabi da 201, saboda yana iya gudun mil 201 a sa'a, watau sama da kilomita 320, da inji mai ƙarfin doki 200 kacal. A ganina wannan shi ne jari mafi albarka da aka taɓa zubawa a Mooney, domin kuɗi kaɗan aka kashe a kan hajar da masu saye suka riga suka sani.

A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya koma hannun wasu 'yan kasuwar Faransa ƙarƙashin jagorancin Alec Couvelaire. A zamaninsu aka yi abubuwa biyu da ya kamata a dube su tare. Na farko, an ɗora wa M20 injin kamfanin Porsche na Jamus a 1988, aka sayar da guda arba'in da 'yan kai, daga baya Porsche ya daina ƙera injin. Na biyu, Mooney ya haɗa gwiwa da kamfanin Socata na Faransa don ƙera wani jirgi mafi girma, mai inji irin na jet da ke juya farfela, wanda aka sa wa suna TBM 700. Haruffan TB suna nufin garin Tarbes na Faransa, harafin M kuwa Mooney ke nan. Kuɗin da Mooney zai zuba nasa kason suka gagara, a 1991 ya janye. Jirgin da ya bari ya zama ɗaya daga cikin mafiya karɓuwa a ajinsa, kamfanin Daher da ya gaji Socata ya miƙa na dubu ɗaya a 2020. Ko Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya ta mallaki samfurin TBM 850. Har yau harafin Mooney yana jikin jirgin, ribar kuwa tana Faransa.

Sauran tarihin a gurguje za mu bi shi. An sake shiga fatara a 2001, wani kamfanin Kalifoniya ya sayi kadarorin a 2002, shi ma ya nemi kariyar kotu daga masu bin bashi a 2004. A 2006 aka fito da samfurin Acclaim, wanda daga bisani ya kai gudun kusan kilomita 450 a sa'a, babu jirgi mai injin fiston ɗaya da ake ƙerawa don sayarwa da ya kama ƙafarsa. Duk da haka, da rikicin kuɗi na 2008 ya auku, a watan Nuwamba aka tsayar da aiki, aka sallami ma'aikata fiye da 200. Masana'antar ta yi shekara biyar ba ta fitar da sabon jirgi ba.

Lissafin da ya ƙi fita

Kafin a ɗora wa shugabannin Mooney dukan laifi, ya kamata a dubi kasuwar da suke ciki. A shekarar 1978 masana'antun Amurka sun miƙa wa masu saye ƙananan jirage da na 'yan kasuwa guda 17,811. A 1994 adadin ya faɗo zuwa 928. Dalilai da dama suka taru, har da tsadar mai da hauhawar kuɗin ruwa, amma wanda masana'antun suka fi kuka da shi shi ne ƙararraki a kotu. A wancan lokaci, idan jirgi ya faɗi, ko da ya shekara talatin da fita daga masana'anta, iyalan mamata na iya maka wanda ya ƙera shi a kotu. Kamfanin da ya ƙera dubban jirage a baya dole ya biya inshora a kan dukansu, ya kuma ɗora wannan kuɗi a kan 'yan ƙalilan ɗin da yake sayarwa a bana. Wannan ya sa Cessna, wanda ya fi kowa girma, ya daina ƙera jirage masu injin fiston a 1986, shi kuma Piper ya shiga fatara a 1991. Sai a watan Agusta na 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar farfaɗo da ƙananan jirage, wadda ta taƙaita alhakin mai ƙira zuwa shekara 18. Dokar ta sa Cessna ya dawo, amma kasuwar ba ta sake kusantar inda take a 1978 ba.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta jirgi da mota. Doka ta wajabta a yi wa kowane jirgi cikakken bincike duk shekara, ana sake gina injinsa idan ya cika sa'o'insa, ana iya cire tsofaffin na'urorin tuƙi a sa na zamani. Saboda haka jirgin 1978 yana nan yana tashi lafiya lau. A lokacin da masana'antar ke ƙera sababbin jirage, mutumin da ke sha'awar Mooney yana da zaɓi biyu: ya biya kusan dala 800,000 ya sayi sabo, ko kuwa ya sayi tsohon 201 da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Ashe ke nan babban abokin hamayyar sabon Mooney shi ne tsohon Mooney, ingancin da kamfanin ke taƙama da shi ya zame masa ƙarfen ƙafa.

A nan ne lissafi ke shigowa, kuma shi ne zuciyar darasin. Kowace masana'anta tana da kashe-kashe iri biyu. Akwai wanda ke tafiya da yawan haja, kamar inji da alminiyam da na'urori. Akwai kuma wanda ba ruwansa da yawan haja: hayar wuri, wutar lantarki, inshora, albashin injiniyoyi da masu binciken inganci waɗanda hukuma ta ce dole su kasance, ko jirgi ɗaya ake yi ko dubu. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa wannan kashi na biyu dala miliyan biyar ne a shekara. A 2018 Mooney ya miƙa jirage 14. In aka raba miliyan biyar gida 14, kowane jirgi zai ɗauki nauyin fiye da dala 350,000 tun kafin a sayi ƙusa ɗaya. A wannan shekarar kamfanin Cirrus ya miƙa jirage masu injin fiston guda 380. In da nauyinsa daidai yake da na Mooney, kowane jirginsa dala 13,000 da 'yan kai zai ɗauka. Haƙiƙa kashe-kashen Cirrus sun fi haka nesa ba kusa ba, amma mai karatu ya ga yadda ratar take. Bugu da ƙari, mai sayen inji ɗari uku ba farashi ɗaya ake yi masa da mai sayen goma sha huɗu ba. Daɗin daɗawa, ƙirar M20 ta shekarun 1950 ce, lokacin da aikin hannu ke da araha. Bututun ƙarfe sai an yi masa walda ɗaya bayan ɗaya, fatar alminiyam kuma sai an bi ta da dubban ƙusoshi.

Shi wannan Cirrus, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Alan da Dale Klapmeier, suka kafa, ya sami amincewar hukuma kan jirginsa na SR20 a 1998, SR22 ya biyo baya. Jikin jirgin na haɗin zaren gilashi da ƙaro ne, ɗakinsa yalwatacce, ƙofofinsa biyu, ƙafafunsa ba sa naɗewa, don haka babu fargabar matuƙi ya manta bai sauke su ba. Uwa-uba, yana ɗauke da wata babbar laima wadda in abu ya ɓaci za a ja ta ta sauko da jirgin gaba ɗayansa. Mooney ya fi shi gudu, babu gardama. Sai dai mai sayen jirgin dala 800,000 yawanci magidanci ne da zai ɗauki iyalinsa, kuma sau da yawa laimar ce ke sa a amince a gida. Mooney ya ci gaba da tallar gudu, alhali masu kuɗi sun koma neman kwanciyar hankali.

Zuwan 'yan kasuwar Sin

A watan Oktoba na 2013 wani kamfani mai suna Soaring America ya sayi Mooney, da kuɗin rukunin Meijing, masu harkar gine-gine da filaye a birnin Zhengzhou na lardin Henan. Ba su kaɗai suka yi irin wannan ciniki ba. A 2010 gwamnatin Sin ta bayyana aniyarta ta sassauta ikon da soja ke da shi a kan sararin samaniya na ƙasa-ƙasa, don ƙananan jirage su sami damar zirga-zirga. 'Yan kasuwa suka hango ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya wadda ƙananan jiragenta ba su taka kara sun karya ba, sai aka shiga rububi. A 2011 rassan kamfanin gwamnati na AVIC suka sayi Cirrus da kuma Continental mai ƙera injuna, daga baya rukunin Wanfeng ya sayi Diamond na ƙasar Ostiriya.

Sababbin masu Mooney sun zo da kuɗi na gaske. A farkon 2014 aka koma ƙera M20 a Kerrville. A watan Nuwamba na wannan shekara, a bikin baje kolin jirage na Zhuhai, suka bayyana sabon jirgi mai suna M10, wanda aka buɗe wa ofishin zane na musamman a garin Chino na Kalifoniya. An nufe shi da makarantun koyon tuƙi, an kuma zaɓa masa injin dizal mai shan kananzirin jet. Wannan zaɓi da hikima a cikinsa, domin fetur na musamman da injin fiston ke sha yana da wuyar samu da tsada a Asiya da Afirka, shi kuwa kananzirin jet babu babban filin jirgin da ba a samunsa. Jirgin gwaji ya tashi a watan Disamba na 2015. Zuwa 2017 an yi watsi da shirin, ba a sayar da ko guda ba. Kuskuren Mustang na shekarun 1960 ne ya sake maimaita kansa: kamfanin da bai tsaya da ƙafafunsa ba ya ɗauki ɗawainiyar sabon jirgi, wanda neman amincewar hukuma a kansa kaɗai yakan ci miliyoyin daloli da shekaru masu yawa. Kasuwar Sin ɗin ma da aka yi dogaro da ita ba ta buɗe da saurin da aka zata ba.

A 2017 aka fito da samfuran Ovation Ultra da Acclaim Ultra, waɗanda a ƙarshe aka yi wa ƙofa ta biyu a ɓangaren matuƙi, bayan shekara sittin da doriya. Masu sharhi sun yaba, amma yabo ba ciniki ba ne. A watan Nuwamba na 2019 ma'aikata suka wayi gari an rufe masana'anta. An buɗe a Disamba, aka sake rufewa a Janairun 2020.

Abin da ake saye

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Wanda ya sayi Mooney bai sayi ciniki mai gudana ba, domin babu shi. Injunan masana'antar da kayan ƙirarta tsofaffi ne, kuma amfaninsu bai wuce jirgi iri ɗaya ba. Kadarar da ta fi daraja takarda ce. Hukumar kula da harkokin jiragen sama ta Amurka, watau FAA, takan ba kowace ƙirar jirgi takardar shaidar amincewa, kuma mai riƙe da wannan takarda shi ke da zane-zanen jirgin, da lissafin ƙarfin kowane sashe, da ikon ƙera kayan gyara na asali. Akwai kuma takarda ta biyu, ta izinin ƙerawa, wadda ke nuna hukuma ta gamsu da tsarin binciken inganci na masana'antar. A harkar jirgi ba a zuwa wurin maƙeri a ce ya kwaikwayi abin da ya lalace, kamar yadda ake yi wa mota a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Kowane ƙarfe da za a ɗaura sai da takardar da ta nuna asalinsa.

Darajar wannan takarda kuwa tana rataye ne a kan jiragen da ke aiki. A 2020 an ƙiyasta cewa jiragen Mooney kimanin 7,000 ne suka rage a duniya. Kowannensu yana bukatar faya-fayan roba da ke rage jijjiga a ƙafafun sauka, da ƙananan giyoyin da ke naɗe ƙafafun, da sassan fiffike da na wutsiya in an yi ɗan hatsari. Mai jirgin da ya rasa wani ɗan ƙarfe na dala ɗari biyar zai ga dukiyarsa ta dubban ɗaruruwa a kwance, don haka ba ya dogon ciniki. Ga kuma taimakon dokar 1994: akasarin waɗannan jirage sun haura shekara 18, alhakinsu ya sauka daga wuyan kamfani, ko da yake duk sabon sashen da aka sayar, lissafin shekarunsa daga ranar ɗaura shi yake farawa.

Ga alama Pollack da abokansa sun fahimci wannan fiye da waɗanda suka gabace su, watakila don su ma masu jiragen ne, su ne ciwon ke jikinsu. Sun bayyana cewa abin da za su sa a gaba shi ne kayan gyara da hidimar jiragen da ke akwai, da yi wa waɗansu kamfanoni aikin ƙira a bisa kwangila don injuna kada su zauna banza. Sun kuma yi maganar ƙara nauyin da jirgin zai iya ɗauka. Wannan tsohon ƙorafi ne, domin sababbin samfuran M20 an ƙayyade musu kilo 1,528 gaba ɗaya, in aka cika tanki da mai, abin da ya rage bai isa manya huɗu da kayansu ba. Batun komawa ƙera sababbin jirage kuwa suka bar shi sai hali ya yi. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Oktoba na 2021, aka ga tallar kamfanin a wani dandalin dillancin kamfanoni na intanet, ana neman dala miliyan 15, kuɗin da bai wuce na sababbin jiragensa ashirin ba. A shekarun da suka biyo baya ba a koma ƙera jirage a jere kamar da ba.

Dogaro da kayan gyara dabara ce mai ma'ana, amma tana da nata tarkon, kuma shi ya sa makomar ke cikin duhu. Garken da ba a haihuwa a cikinsa kullum raguwa yake yi. Duk shekara wasu jirage na faɗuwa, wasu tsatsa ta cinye, wasu a farke su a sayar da sassansu, waɗannan sassa kuma su dawo kasuwa su yi gogayya da na masana'anta. Sa'an nan ba dukan kuɗin hidimar jirgi ke zuwa Kerrville ba: injin na Lycoming ne ko Continental, na'urorin tuƙi galibi na Garmin ne, farfela ma ta wani ce. Abin da ya rage wa Mooney shi ne gangar jiki, ita kuwa an gina ta da ƙarfin da ba ta cika lalacewa ba. Akwai kuma matsalar jarin juyawa. M20 yana da samfura masu yawa tun daga 1955, sassansu dubbai ne. Mai kawo kaya ba zai kunna injinsa don guda biyar ba, sai an yi odar ɗari, an biya a gaba, sa'an nan a jibge su a sito ana sayar da 'yan kaɗan duk shekara. Kamfanin da ba shi da kuɗi a hannu sai ya riƙa jinkirta oda, masu jirage su gaji da jira su koma ga waɗansu kamfanoni da hukuma ta ba izinin ƙera madadin sassan. In haka ta ci gaba, ita kanta takardar darajarta zubewa take yi.

Ba kuma dole ne kowane irin wannan labari ya ƙare da rushewa ba. Piper ya fita daga fatara a 1995, tun 2009 kuma jarin gwamnatin Brunei ke riƙe da shi, yana nan yana aiki. Amma Piper yana da jiragen koyon tuƙi da makarantu ke saye da yawa a lokaci guda, yana kuma da manyan samfura masu tsada waɗanda ribar guda ɗaya ke da kauri. Cirrus ma ya ƙara da ƙaramin jet, har ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2024. Mooney haja ɗaya yake da ita, a tsakiyar kasuwa, inda babu yawa kuma babu kauri. Damar da ya samu ta hawa sama ita ce TBM, ta sauka ƙasa kuma M10, duka biyun sun kuɓuce masa.

Akwai wani al'amari da ke tafe wanda zai shafi jiragen nan 7,000 kai tsaye. Injunansu suna shan fetur mai ɗauke da dalma, a 2022 kuma hukumar FAA da ƙungiyoyin masana'antu suka tsayar da ƙarshen shekarar 2030 a matsayin lokacin da suke son a rabu da shi. Injuna masu ƙaramin ƙarfi za su iya sauya mai ba da wahala ba, amma manyan injuna irin na Acclaim suna bukatar mai mai ƙarfi daidai da na yanzu. Kowane sabon mai sai an gwada shi a kan tankuna da robobi da bututun kowane samfuri, tankin Mooney kuwa cikin fiffike yake, an liƙe shi da wani irin ƙaro wanda yoyonsa tsohuwar matsala ce ga masu jirgin. A bisa al'ada, masu jirage wurin mai riƙe da takardar ƙira suke zuwa neman amsar irin waɗannan tambayoyi, shi kuma sai yana da injiniyoyi a bakin aiki da kuɗin gwaji kafin ya iya ba da ita.